Kayan zuwa aiki: tambayoyin sabon ma'aikaci a Garwa, Marwa da Ngaundere

Wanda ya gama jami'ar Ngaundere ko ta Marwa, ko ya fito daga makarantar koyon sana'a, yakan iya rubuta takardar neman aiki, amma da wuya a sami wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayanin abin da zai sa ranar Litinin ɗin farko. Iyayen da yawa daga cikin matasanmu 'yan kasuwa ne ko manoma, ba su taɓa zaman ofis ba, sai yaro ya kama kwaikwayon abin da yake gani a waya. Ga amsar tambayoyin da aka fi yi, na maza da na mata, bisa yanayin arewacin Kamaru, tare da taɓa Chadi inda abin ya zo ɗaya.

Gobe zan fara, kuma ba wanda ya ce mini komai game da shiga. Me zan sa?

Tun ranar da ka je ganawar ɗaukar aiki ya kamata ka buɗe ido. Kada ka ɗauki darasi daga shugaban wurin, shi ya riga ya kai matsayin sa abin da ya ga dama. Kalli mutum biyu ko uku masu irin aikin da za ka yi. Takalminsu rufaffe ne ko buɗaɗɗe? Maza suna cusa riga cikin wando ko suna sake ta? Mata atamfa suke sawa ko yadi mara zane? Akwai mai hula a cikinsu?

In wannan damar ta wuce ka, kira wanda ya sanar da kai an ɗauke ka, ka ce: "Ranka ya daɗe, don Allah akwai irin shigar da ake so ma'aikata su riƙa yi?" In mace ce babba, "Hajiya" ko "Madam" ya wadatar. Matambayi ba ya ɓata, kuma ba wanda zai raina ka don wannan tambaya.

In duk ba ka samu amsa ba, namiji ya sa farar riga mai dogon hannu, wando baƙi ko shuɗi mai duhu, bel, safa da rufaffen takalmi, ko kuma kaftani mai ƙaramin aiki a wuya da hula. Mace ta sa doguwar riga ko riga da siket na atamfa mai sanyin launi, da mayafi matsakaici. Kada ranar farko ta zama ranar da za ka fara taka sabon takalmi. Aikin gwamnati a Kamaru daga 7:30 na safe ne zuwa 3:30 na yamma, kuma ranar farko yawo ake yi da kai daga ofis zuwa ofis ana gabatar da kai.

Dole ne sai da kwat da nektai? Kaftani ba kayan ofis ba ne?

Kaftani kayan ofis ne, gandura ma haka. Shiga kowace ma'aikatar gwamnati a Garwa ko Marwa ko Njamena za ka ga manya cikinsu kowace rana, ba ranar Juma'a kaɗai ba. Abin takaici ne a ga saurayi ya ci bashi ya sayi kwat mai kauri, wadda aka ɗinka don sanyin Turai, ya sa ta a watan Afrilu a Garwa lokacin da zafi ke wuce digiri 40, don kawai yana jin kayan gidansu ba su kai ba. Sun kai.

Sai dai akwai wuraren da suka tsara shigarsu tun daga hedkwata a Duwala ko Yawunde: bankuna, kamfanonin inshora, wasu otal-otal, ofisoshin lauyoyi. A can wanda ke fuskantar abokan hulɗa yakan sa riga da nektai daga Litinin zuwa Alhamis, a bar masa Juma'a don kayan gida. In ka faɗa irin wannan wuri, kwat ɗaya ta ishe ka a shekarar farko. Zaɓi shuɗi mai duhu ko toka mai duhu, mara nauyi, wadda shafin cikinta bai rufe bayan gaba ɗaya ba. Rataye ta a ofis, ka sa ta lokacin taro ko karɓar baƙi.

Kaftanin aiki ya bambanta da na biki. Tsawonsa ya tsaya a gwiwa ko ƙasa kaɗan, hannunsa ya tsaya a wuyan hannu ba tare da ya rufe yatsu ba, aikin wuyan ya zama da zare mai launin yadin. Mita 4 na shadda ko yadi yakan fitar da riga da wando ga mutum matsakaici. Ka ce wa tela ya sa aljihu biyu na gefe masu zurfi da ɗaya a ƙirji, don waya da biro da katin aiki.

Babbar riga fa?

Bar ta sai Juma'a ko ranar biki, shi ma in ka ga na gaba da kai suna sawa. Hannunta na share takardu daga tebur, kuma sabon yaro da ya fi shugabansa ado yana jawo wa kansa magana.

Ni mace ce, ina sa hijabi. Za a ce in cire?

A mafi yawan wuraren aiki na arewa ba wanda zai tanka miki, domin rufe kai shi ne shigar yawancin mata a nan. Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ce ƙasar ba ruwanta da fifita addini, ya kuma tabbatar da 'yancin addini ga kowa. Abin da ke kawo matsala yawanci girman mayafin ne da yadda yake shiga cikin aiki.

Hijabin da ya sauka har ƙasa yana shiga tayar kujera, yana kama hannun durowa, yana kuma hana hannu sakewa a kan kwamfuta. Ki zo da shi daga gida in kina so, ki ninke shi in kin iso, ki zauna da wanda ya tsaya a ƙugu ko mai hannu. Gyalen da ke zamewa duk bayan minti biyar yana raba hankalinki da na wanda kike magana da shi. Ki sa ƙaramar hula ta auduga a ciki, ki kama gyalen da fil ɗaya a ƙarƙashin haɓa. Lafaya, wadda ta yawaita a Kuseri da Njamena, ta dace da aikin tebur in an iya naɗa ta, amma a ƙarƙashinta ki sa riga mai dogon hannu, don in ta kwance ba ki shiga uku ba.

Rufe fuska gaba ɗaya maganarsa daban. A watan Yuni 2015 gwamnatin Chadi ta hana shi bayan harin bam a Njamena, a watan Yuli na shekarar kuma gwamnan jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ya yi haka. Ko a inda ba a tsananta ba, banki da asibiti da duk wurin da ake duba kati a ƙofa za su so ganin fuska. Wadda ke sa niƙabi ta yi wannan magana da mai ɗaukar aiki kafin ta sa hannu a takarda, kada ta bari sai ranar farko.

Albashi bai zo ba tukuna. Kala nawa zai ishe ni?

Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu, ban da aikin gona, sefa 60,000 ne a wata, kuma mai yin staj, wato zaman koyon aiki, sau da yawa kuɗin mota kawai yake samu. Shawararmu kada kuɗin kaya ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na albashin wata, kuma kada a ci bashi a kansa.

Namiji: riga 4, wando 2 masu duhu, kaftani 1 na Juma'a, singileti 5, safa ƙafa 5, bel 1, takalmi 1. Wando mai duhu yana yin kwana biyu in an rataye shi ya sha iska, riga kuwa a zafinmu kwana ɗaya take yi. Mace: ɗinki 4, mayafi 3 marasa zane waɗanda kowanne ke shiga da aƙalla kala biyu, takalmi 1 mara tsini, jaka 1 da takarda ke shiga ba a lanƙwasa ba. Turmin atamfa yadi 6 ne. In tela ta iya yanka, zai ba ki doguwar riga da ɗankwali, har a sami ragowar ƙaramar riga da za ki haɗa da baƙin siket.

Mutane ba sa ƙirga sau nawa ka maimaita riga. Wuya mai dauɗa da maɓallin da ya fita su ake gani.

Kayan gwanjo abin kunya ne?

A'a. Rigar gwanjo ta auduga sau da yawa ta fi sabuwar roba inganci. Je da safe ranar da ake kwance dila. Duba cikin wuya da bakin hannu, ɗaga hammata a rana ka ga ko akwai rawaya, ja zip sau uku, duba tsakanin cinyoyin wando ko ya siɗe. Kafaɗa ita ce ma'auni: ɗinkin ya zauna daidai inda kafaɗarka ta ƙare, domin tela na iya rage tsawo da faɗin ciki da kuɗi kaɗan, amma gyaran kafaɗa wahala ne kuma da wuya ya yi kyau. Wanke komai ka goge da dutse mai zafi kafin ka sa.

Wane yadi ne ke jure zafi da ƙura?

Auduga. Tana shan gumi tana sakinsa. Yadin roba ba ya yamutsewa, shi ya sa ake ruɗuwa da shi, amma yana riƙe zafi da wari, kafin azahar mai shi ya gane. Gwada a kasuwa: damƙe gefen yadin a hannu na ɗan lokaci ka saki. In ya nuna alamar damƙa akwai auduga a ciki, in ya miƙe sumul kamar ba a taɓa shi ba roba ce ta fi yawa.

Sa singileti na auduga ko da kana jin zafi, shi ke tare gumi kafin ya kai riga. Toka mai haske da shuɗi mai haske sun fi kowane launi nuna jiƙa. Baƙi yana ɓoye jiƙa amma in ya bushe sai farin gishiri ya fito a baya. Daga Maris zuwa Mayu fari ya fi, daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, lokacin hunturu da ƙura, launin ƙasa da toka sun fi rufa asiri. Wanda aka tura Ngaundere ya san can tudu ne, sama da mita 1,000, safiya da sanyi kuma damina doguwa. Rigar sanyi mara rubutu da lema suna cikin kayan aiki a can.

Wajen wanki, goga sabulu a wuya da hammata ka bar shi minti 15 kafin ka cuɗa. Kada ka zuba ruwan jabel, sinadarin nan mai faranta kaya, a kan tabon gumi, ƙara masa rawaya yake yi, yana kuma cin zare. Bula kaɗan a ruwan ɗauraya ta ishi farin kaya. Masu duhu a juya su a shanya a inuwa. Shadda mai tsada a kai wa mabuga, kada a murɗe ta. Guga kuma a yi na mako gaba ɗaya ranar Lahadi, don wuta na iya ɗaukewa da asubar da kake buƙatarta. Mai dutsen gawayi ya hure toka ya shimfiɗa siririn ƙyalle a kan farar riga, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ta.

A babur nake zuwa. Yaya zan isa da tsabta?

Wannan ta wuce maganar tsabta. Bakin mayafi ko lafaya ko babbar riga in ya shiga sarƙa ko tayar baya yana fizgo mutum ƙasa, wani lokaci ta wuya. Kafin babur ya tashi ki tattara duk abin da ke lilo ki danne a cinya. Salansa tana gefen dama, tana ƙona ƙafa tana narkar da yadin roba. Don ƙura, ɗora wata tsohuwar riga a sama ka cire in ka iso, ka riƙe ƙaramin tsumma na goge takalmi, ka iso minti 15 kafin lokaci don ka wanke fuska ka huce.

Takalmi da alwala?

Rufaffen takalmi mara igiya ya fi sauƙi ga mai alwala sau biyu a wurin aiki. Ajiye silifas a ƙarƙashin tebur don zuwa famfo kawai. Ka tsane tsakanin yatsu sosai kafin ka mayar da safa, danshin nan shi ke kawo wari da ƙaiƙayi. Hannun riga ya zama mai naɗuwa har sama da gwiwar hannu, in ya matse za ka jiƙa shi kullum.

Marwa ta shahara da jima da aikin fata, kuma dukawanta na ɗinka takalmi daidai ƙafa. Je awo da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da irin safar da za ka riƙa sawa. In hali ya samu ka yi na biyu ka riƙa musanyawa, fata na buƙatar kwana ɗaya ta bushe.

Turare, humra, lalle da kwalliya?

Ƙamshi al'adarmu ce mai kyau, amma abin da ke da daɗi a tsakar gida yana shaƙe mutane a rufaffen ɗaki mai na'urar sanyaya iska, yana tayar wa mai asma ciwonsa. A turara kaya da daddare, kafin safe ya lafa. Humra ɗigo kaɗan, turaren fesawa sau biyu. In wanda ke nesa da kai taku biyu yana ji, ya yi yawa. Turare kuma ba ya maye gurbin wanka, a kan gumi ƙara muni yake yi.

Jan lalle a yatsu ba wanda ke ƙi, amarya ma an san zanenta zai goge cikin mako biyu ko uku. A yi hattara da baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi, yana sa wasu ƙuraje da ƙuna. Kwalliya ta zama wadda za ki iya gyarawa cikin minti biyu bayan alwala: kwalli, hoda kaɗan, man leɓe. Awarwaro masu ƙara a bar su gida.

Ga masu jin sai sun yi haske za a ɗauke su aikin karɓar baƙi: man bilicin yana sirantar da fata, yana barin baƙin tabo a gaɓoɓin yatsu, kuma a ranar arewa ƙonewa yake sawa. A watan Agusta 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigo da man shafawa masu sinadaran haidirokinon da makuri da sayar da su. Kada ki ba da lafiyarki don kujerar da za a iya canza ki a kanta gobe.

Gemu da hula?

A ofis gemu ba laifi ba ne in ana gyara gefensa ana taje shi. Aski duk mako biyu. Hula a wanke bakinta, nan ne maiƙo ke taruwa. Soja, jandarma, 'yan sanda da kwastan suna da nasu ƙa'idojin, mai shiga can ya san da haka tun kafin jarrabawa.

A asibiti ko masana'anta zan yi aiki. Akwai bambanci?

Babba. A nan ƙa'idar shiga ta kare rai ce, ba a roƙon sassauci a kanta. Ma'aikacin jinya ya bar hannu tsirara daga gwiwar hannu zuwa ƙasa lokacin taɓa majinyaci: ba agogo, ba zobba, ba farcen roba, farce a yanke, don ƙwayoyin cuta a nan suke maƙalewa ko an wanke hannu. Hijabi ya zama gajere a cusa shi cikin bulus, wato rigar aikin asibiti, a wanke shi kullum. Bulus ɗin kuma ba a shiga kasuwa da shi.

A masana'anta, kamar wuraren gurzar auduga na SODECOTON ko matatar mai ko gareji, duk abin da ke lilo abokin gaba ne: kaftani, gyale, carbi a wuya, igiyar kati. Bel ɗin inji in ya kama ƙyalle ba ya saki. Mace ta sa hijabin da ake zurawa, mara fil, a cikin rigar aiki. Takunkumin ƙura ba ya mannewa a kan cikakken gemu, iska na bi ta gefe, don haka mai gemu ya gaya wa jami'in kula da lafiyar ma'aikata a nemo masa irin da ya dace. Hular kwano, takalmin ƙarfe da safar hannu nauyin mai ba da aiki ne. Ka gwada girmansu kafin ka sa hannu cewa ka karɓa.

Malamin makaranta ya guji baƙar riga saboda alli, ya kuma gwada ɗaga hannu sama a gida ya ga ko rigar na buɗe ciki ko baya.

Atamfar 8 ga Maris da ta 1 ga Mayu dole ce?

Doka ba ta tilasta ba, amma wanda ya ware kansa a shekararsa ta farko ana lura. Atamfar ranar mata, wadda aka daɗe da sanin masaƙar CICAM da buga ta, da ta ranar ma'aikata, da ta malamai ranar 5 ga Oktoba, wasu wuraren suna rabawa kyauta, wasu sai an saya. Tambayi tun da wuri, ka kai wa tela mako uku kafin ranar, ka yi ɗinkin da zai sake sawuwa. In ka sa yadi mai tambarin wurin aikinka, duk inda ka zauna da sunansu ka zauna. Atamfar jam'iyya ba ta zuwa ofis, rigar ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport ta filin wasa ce, yadi mai zanen kakin soja kuwa an hana farar hula sa shi, kuma a yankin da ake fama da matsalar tsaro yana iya jawo maka tsayawa a shinge.

To ina nawa salon? Sai in zama kamar kowa?

Na ɗan lokaci ne. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 14 ga Agusta 1992 ta ce lokacin gwaji a rubuce yake, kuma ba ya wuce wata 6 har da sabuntawa, wata 8 ga manyan ma'aikata. A wannan lokaci bari a san ka da aikinka. Bayan nan ka shigo da naka abu ɗaya-ɗaya: hula kube ko zanna mai kyau, irin ɗaurin ɗankwalinki, launi guda da ya karɓe ka, jakar fatar Marwa. Riƙe tela ɗaya wanda ya san jikinka, ɗinkin da ya zauna daidai shi ne rabin ado. Yadda kake so a girmama kaftaninka, haka za ka girmama shigar abokiyar aiki da ta zo daga kudu ba ta rufe kai. Ba a ɗauke ka aikin gyara mata tufafi ba.

An yi mini faɗa kan shigata, har an ce za a yanke mini albashi. Ya halatta?

In gyara aka yi maka, karɓa ba musu: "Na gode, ranka ya daɗe, me ya kamata in canza?" Ka canza washegari. Sannan nemi dokar cikin gida ta wurin, wadda a takarda ake rubuta règlement intérieur, ka karanta abin da ta ce game da shiga. Tara kuwa, sashe na 30 na dokar ƙwadago ya hana mai ba da aiki cin ma'aikaci tara. Horon da kaɗai zai iya taɓa albashi shi ne dakatarwa, wadda ba ta wuce kwanakin aiki 8, a rubuce, kuma a sanar da sufeton ƙwadago cikin awa 48. Wurin da ke da ma'aikata 20 ko fiye yana da wakilan ma'aikata, fara da su. A Chadi dokar daban ce, a nufi ofishin sufeton ƙwadago na garin.

Ki bambanta gyara da wani abu daban. Shugaban da ke cewa ki matse ɗinki, ko yake yawan maganar jikinki, ko yake haɗa tabbatar da ke a aiki da yadda kike masa ado, ba maganar ƙa'ida yake ba. Sashe na 302-1 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ya sa irin wannan matsin lamba cikin laifuka. Rubuta rana da lokaci da kalmomin da ya faɗa da wanda ke wurin, kada ki goge saƙonnin waya, ki kai wa wakilin ma'aikata ko sufeto tare da wani babba da kika amince da shi.